Yadda ake kamo kifi da fatsa daga bakin teku har a ɗora shi kan garwashi

Toh ɗan uwa, bari na fara da abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba. Yawancin masu zuwa bakin teku da fatsa su dawo hannu rabbana ba wai kayan aikinsu ne ba su da kyau ba, a'a, sun zo ne a lokacin da kifi baya nan kuma sun jefa ƙugiya inda kifi baya bi. Ni kaina na yi wannan wautar sau ba adadi, na tsaya tun hantsi har rana ta take ina ta wurga zare iya ƙarfina can tsakiyar ruwa, a tunanina duk wanda ya fi jifa nesa shi ne gwani, ashe kifin yana nan kusa da ƙafata yana kiwonsa ni kuma ina ta tsallake shi. Shi yasa zan daɗe a kan maganar lokaci da wuri, kayan aiki kuma zan bi ta kansu da ɗan sauri.

Fara da sanin cikar teku da janyewarta

Teku ba kamar kogi ko tafki ba ce, ruwanta yana hawowa bakin gaɓa ya kuma janye, kuma wata ne da rana ke jan shi. A mafi yawan gaɓoɓin duniya yana cika sau biyu a yini, tsakanin cika ɗaya da ta gaba kusan awa 12 da minti 25, shi yasa kullum lokacin yake matsawa gaba da kamar minti 50. Ma'ana in yau ta cika ƙarfe 6 na safe, gobe sai wajen bakwai saura minti goma. Akwai wuraren da sau ɗaya kawai take cika a yini, akwai irin Bahar Rum da bambancin kaɗan ne har ba za ka lura sosai ba, akwai kuma irin mashigin Fundi a Kanada inda ruwan ke hawa kusan mita 16, don haka ka nemi jadawalin cikar ruwa na daidai gaɓar da za ka je, ana samu kyauta a intanet da manhajojin waya, kar ka ɗauki na wani wuri ka yi aiki da shi.

Lokacin da na fi yarda da shi shi ne awa biyu kafin ruwa ya gama cika zuwa kamar awa ɗaya bayan ya fara janyewa. Dalili kuwa a fili yake, ruwan da ke hawowa yana tono tsutsa da ƙananan kaguwa da jatan lande daga cikin yashi, kifi kuma yana biyo bayan abincinsa. In aka yi sa'a wannan lokacin ya faɗo daidai da asuba ko gab da magariba, toh ranar kar ka bari komai ya hana ka fita. Sannan a kwanakin tsayuwar sabon wata da kwanakin da wata ya cika, ruwa ya fi hawa sama kuma ya fi janyewa nesa, yana gudu da ƙarfi, kifi ya fi motsi amma fa dalmarka ma, wato nauyin da ke nutsar da ƙugiya ƙasa, za ta fi wahalar zama wuri ɗaya.

Ka je ka karanci gaɓar tun ruwa ya janye

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa saboda ba daɗi, ka je bakin teku ba tare da ka jefa komai ba. Amma wallahi ya fi komai amfani. Ka je lokacin da ruwa ya janye ƙarshe, ka yi ta tafiya kana kallon ƙasa. Za ka ga yashin ba a shimfiɗe yake bai ɗaya ba, akwai tudun yashi da ya kwanta a miƙe daidai da layin gaɓa, tsakaninsa da gaɓar kuma akwai kwari kamar lambatu mai tsawo inda ruwa ke kwanciya, wani wurin kuma tudun ya tsage ruwa yana fita ta nan ya koma teku. Wannan kwarin shi ne titin kifi, tsagin kuma shi ne ƙofar da yake shigowa ta ciki. Ka ɗauki hoto da waya, ka kuma riƙe wata alama a tudu wadda ruwa baya rufewa, bishiya ko wani dutse ko falwaya, don in ruwa ya dawo ya rufe komai ka san inda za ka tsaya.

In ba ka samu zuwa da wuri ba, ruwan ma yana nuna maka. Inda igiyar ruwa ke karyewa ta yi farar kumfa, wurin ba zurfi, tudu ne a ƙasa. Inda ruwan ya yi duhu ya kwanta igiyar na wucewa ba ta karye ba, nan ne zurfin. Ka jefa a bakin inda farar kumfa ta haɗu da duhun ruwa. Sau tari wannan wurin bai wuce mita 20 ko 30 daga inda kake tsaye ba. Bakin kogin da ke zuba a teku, gefen duwatsu, da inda tsuntsaye ke ta faɗawa ruwa suna tashi, duk wurare ne da bai kamata ka wuce su ba.

Amma fa hattara da tsagin nan, ruwan da ke fita ta nan yana da jan tsiya kuma shi ne ke cin mutane a bakin teku. Ba sai ka shiga ruwa ya wuce gwiwa ba. In kuma tsautsayi ya sa ya ja ka, kar ka yi kokawa da shi kana neman dawowa kai tsaye, ka yi iyo ta gefe daidai da layin gaɓa har ka fita daga cikinsa tukunna ka nufo tudu. Kar ka juya wa teku baya, musamman a kan duwatsu, kuma ka riƙa waiwaye kar ruwa ya zagayo ta bayanka ya datse maka hanya kana can hankalinka na kan zare. In aka fara walƙiya ka kwantar da sanda ka bar wurin, yawancin sandunan yanzu da kabon ake yin su kuma wuta na bin su.

Kayan aiki

Sandar fatsa ta bakin teku doguwa ce, mita 3.6 zuwa 4.2, tsawon ne ke ɗaga zarenka sama da igiyar ruwa. Sai na'urar naɗe zare, wato ril, wadda za ta ɗauki zare aƙalla mita 200. Babban zare mai ƙarfin fam 15 zuwa 20 (fam na awon nauyi, wato lb) ya isa, za ka ga lambar a jikin kwalin. Amma a ƙarshensa dole ka ƙulla wani zare mai kauri, tsawon sanda sau biyu da ɗan ƙari wanda zai naɗu a ril sau biyar ko shida, don shi zai ɗauki fizgar jifa. Ƙa'idar da masunta ke bi ita ce fam 10 na ƙarfin zare ga kowane giram 28 na dalma, kaga in dalmarka giram 140 ce kana buƙatar zare mai fam 50. Kar ka raina wannan, dalmar da ta tsinke a tsakiyar jifa harsashi ce, kuma bakin teku akwai yara.

Dalma giram 100 zuwa 170, ka nemi mai siffar dala ko mai wayoyi a jiki da ke kama yashi, mai zagaye mirginawa kawai za ta yi ta dawo maka gaɓa. Ƙugiya lamba 1/0 zuwa 3/0 ta isa yawancin kifin da za ka samu, kuma gara ƙarama da babba, ƙaramar ƙugiya tana kama babban kifi amma babba ba ta kama ƙarami. Ni na fi son irin mai lanƙwasa kamar zobe ɗin nan, don ita a gefen baki take kamawa ba ta cika shigewa ciki ba, in kifin ƙarami ne ka cire ka mayar da shi lafiya. Sauran tarkace: wuƙa mai kaifi, filaya, bokiti, tsumma, tocilan ta goshi in dare zai yi, guntun fayif na roba da ka fere bakinsa don ka kafa a yashi ka zura sanda, sai kuma kula cike da ƙanƙara. Wannan kular in ka manta ta a gida gara ka koma ka ɗauko, zan faɗi dalili a gaba.

Ɗaurin da ya fi sauƙi: dalma a can ƙarshen zare, sama da ita kamar kamu biyu ka fitar da reshe ɗaya mai ƙugiya, ka ƙara wani reshen a sama da shi, ka tabbatar rassan ba su kai tsawon da za su harɗe da juna ba. Ka sa ɗan maɗaurin ƙarfe mai juyawa a saman ɗaurin don kar zare ya murɗe. Duk ƙullin da za ka ja, ka jiƙa shi da yawu tukunna, in ba haka ba zafin gogayya yana raunana zaren.

Kafin ka fita kuma ka bincika dokar wurin. Ƙasashe da yawa suna neman lasisi, suna da mafi ƙarancin tsawon kifin da za ka iya ɗauka, da adadin da ba za ka wuce ba a yini, wasu nau'o'in ma akwai watannin da aka hana taɓa su gaba ɗaya.

Abincin ƙugiya da jifa

Abin da kifin ke ci a wannan gaɓar shi za ka ba shi. Tsutsar yashi da ake tonowa in ruwa ya janye, jatan lande, kaguwa musamman wadda ta saɓule ɓawo jikinta ya yi laushi, ko yankan kifi mai maiƙo irin sadin da makarel. Tanar lambu ba ta daɗewa a ruwan gishiri, kar ka dogara da ita. Sabo ya fi daskararre nesa ba kusa ba. Ka zura shi ya rufe jikin ƙugiya amma ka bar tsinin a waje, mutane suna ɓoye tsinin wai kar kifi ya gani, kifi ba ruwansa da wannan, ɓoyewar ce ma ke hana ta kamawa. In abincin mai laushi ne ka naɗe shi da siririn zaren roba don kar ya fice a iska.

Jifa ba ƙarfi ba ne. Ka duba bayanka ba kowa, ka bar dalma ta sauko kamar mita ɗaya da rabi daga kan sanda, ka riƙe zare da ɗan yatsa ka buɗe ril, ka kai sanda baya, sannan ka kawo ta gaba a hankali kana ƙara sauri, hannun ƙasa yana jawowa na sama yana turawa, ka saki zare lokacin da kan sandar ya kalli sama gabanka. Dalma ta faɗa, ka bar ta ta zauna, ka naɗe rarar zare har ya miƙe kan sanda ya ɗan rusuna, ka zura a fayif. Ka sassauta birkin ril yadda in babban kifi ya ja zare zai fita, don na taɓa ganin sanda sukutum ta bi teku mai ita na can yana danna waya.

Daga nan sai kallo. Igiyar ruwa tana lanƙwasa kan sanda a hankali ta sake shi, a jere kamar numfashi. Kifi kuwa fizga yake yi kaɗ-kaɗ-kaɗ, ko ya ja sandar ƙasa gaba ɗaya, ko kuma kawai ka ga zare ya saki ya kwanta, wannan alamar ya ɗauki dalmar ne ya nufo ka, ka naɗe da sauri. In ƙugiya mai zobe ce kar ka fizga, ka ɗaga sanda kawai kana naɗewa ita za ta kama da kanta. Duk minti 15 zuwa 20 ka jawo ka duba, kaguwa na iya cinye abincin tas kai kana nan kana gadin ƙugiya tsirara. In awa ta wuce shiru, ka canza nisa, jifa ɗaya kusa ɗaya nesa, ko ka matsa gaba.

Wajen fitowa da shi ne aka fi asara. Kar zare ya saki ko kaɗan, kuma in ya iso inda ruwa ke karyewa kar ka ja shi lokacin da ruwa ke komawa, ka jira igiya ta taso ta turo maka shi sai ka ja da baya kana tafiya har ya kwanta a yashi.

Wanda ba a taɓawa da wanda ba a ci

Kafin ka kai hannu ka kalle shi da kyau. Tarwaɗar teku tana da ƙaya mai dafi a baya da gefe biyu, kunamar ruwa kuma, mai faɗin nan kamar faifai da doguwar wutsiya, makaminta na jikin wutsiyar. Da filaya ake cire musu ƙugiya, ko ka yanke zaren kawai. In ƙayar ta soke ka, ka tsoma wurin a ruwan zafi iya wanda fata za ta jure, wajen digiri 45, na tsawon aƙalla rabin awa, sannan ka nufi asibiti. Talibambam, mai kumbura ciki kamar balan-balan, kar ka ci shi ko da wasa, gubarsa tana kisa kuma wuta ba ta kashe ta. A tekuna masu ɗumi inda akwai murjani, manyan kifaye masu cin 'yan uwansu irin barakuda suna tara wata guba a jiki wadda ita ma girki baya cire ta, ƙanana sun fi aminci. Duk kifin da ba ka gane shi ba ka tambayi masuntan wurin, ko ka mayar da shi ruwa.

Minti goma na farko bayan kamu

Nan ne daɗin kifin yake tsayawa ko ya gudu, ba a kan wuta ba. Kar ka bar shi yana birgima a yashi mai zafi har ya mutu don kansa, naman yana lalacewa kuma azabtarwa ce. Ka buga masa abu mai nauyi sau ɗaya da ƙarfi a saman kai bayan idanu, ka ɗaga murfin gefen kansa ka yanke jajayen abubuwan da yake numfashi da su, ka dulmiya kansa a bokitin ruwan teku kamar minti biyar jini ya tsiyaye. Sai ka tsaga cikin daga mafitar kashi zuwa ƙarƙashin kai, da tsinin wuƙa kawai kar ka nutsa ta ka fasa hanji ko matsarmama, ka kwashe komai, ka kankare baƙin jinin nan da ke manne a jikin ƙashin baya da babban yatsa, shi ne ke kawo ɗaci da ƙarni. Ka ɗauraye da ruwan teku, ka cusa ƙanƙara a cikin cikinsa, ka binne shi a kula.

Dalilin saurin biyu ne. Kifaye irin makarel da tuna da sadin in suka zauna a zafi, ƙwayoyin cuta suna haifar da sinadarin histamin a namansu, kuma in ya riga ya taru ko ka soya shi ya ƙone yana nan, shi ne mutum zai ci ya ga fuska ta yi ja, kai na sarawa, jiki na ƙaiƙayi. Na biyu, akwai siririyar tsutsa da ke zama a cikin kifin teku wadda ke iya ratsawa cikin nama bayan ya mutu. Ita dai girki na kashe ta, in tsakiyar naman ya kai digiri 63, amma lemun tsami ko gishiri kaɗai ba sa kashe ta.

Kan wuta

In a bakin tekun za ka gasa, ka fara tabbatarwa an yarda a hura wuta a wurin. Ka zo da gawayinka, kar ka tsinci itacen da teku ta turo, ya sha gishiri kuma wani guntun katako ne mai fenti ko magani, hayaƙinsa bai dace da abinci ba. Ka jira harshen wuta ya mutu garwashi ya yi fari-fari da toka, in ka miƙa tafin hannu a saman wayar gashi ka kasa wuce daƙiƙa huɗu ko biyar, toh ta yi.

Ka kankare ɓawon daga wutsiya zuwa kai da bayan wuƙa, ka tsane kifin da tsumma mai tsabta sosai, don jiƙaƙƙen kifi shi ne ke mannewa a waya. Ka tsaga jikinsa sau uku ko huɗu kowane gefe har wuƙa ta taɓa ƙashi, ka shafa gishiri ciki da waje da cikin tsagin, ka shafa mai, ka cusa yankan lemun tsami da dakakkiyar tafarnuwa a ciki. Gaskiya kifin da bai yi awa biyu da fitowa daga ruwa ba baya son tarkacen kayan ƙamshi, in ka cika masa sai ka rasa ɗanɗanon da ka sha wahalar nema, ɗan barkono ya isa. Waya ta yi zafi, ka goge ta da mai, ka ɗora, sannan ka cire hannunka. Kar ka taɓa shi, kar ka leƙa, in fatar ta gasu ita da kanta za ta saki waya, in ka ɗaga ka ji tana riƙewa ka ƙara mata minti ɗaya. Juyi ɗaya tak. Lissafin da ake bi shi ne kamar minti 10 gaba ɗaya ga kowane santimita 2.5 na kauri a inda ya fi kauri, rabi kowane gefe. Ka soka wuƙa kusa da ƙashin baya, in naman ya yi fari ya daina sheƙi kuma yana rabuwa da ƙashi salin alin, sauke shi, zafin jikinsa zai ƙarasa sauran.

In kifin mai laushin nama ne ko iska na kwaso yashi, ka naɗe shi a takardar alminiyom da albasa da lemun tsami da ɗan mai, ka ɗora a gefen garwashi minti 15 zuwa 20 gwargwadon girmansa. Ba za ka samu ƙamshin hayaƙi ba amma ba zai bushe ba. In kuma gida ka kawo shi ka fere naman daga ƙashi, kasko ya yi zafi da ɗan mai, ka kwantar da gefen fata a ƙasa ka danna da cokali na 'yan daƙiƙu don kar ya nannaɗe, ka bar shi a haka har farin ya hau kusan sama, sannan ka juya na minti ɗaya kacal. Kai da ƙashin kar ka zubar, ka cire jajayen abin numfashin nan ka tafasa kan da ƙashin a hankali da albasa minti 20 zuwa 30, ka tace, romo ne mai kyau, in ya wuce haka a wuta yana fara ɗaci.

In kun gama, garwashin da ruwa ake kashe shi har ya daina huci, kar ka rufe shi da yashi ka tafi, yashin yana riƙe zafin awanni kuma wani zai zo ya taka da ƙafa ba takalmi. Guntayen zare da ƙugiya ka tattara a aljihu, tsuntsaye na harɗewa a ciki. Da ka isa gida ka ɗauraye sanda da ril da ƙugiyoyi da ruwan famfo mara ƙarfi ka bar su su bushe kafin ka ajiye, in ka bar gishirin ya kwana biyu a jiki sai dai ka tarar ril ɗin ya ƙi juyawa.